Rigar Kofin 'Yar Hagu

Shafi na 19

Masu cika min waya da "ina cigaba, ina cigaba", to ga shi, ku sarara min haka nan. Ke kuma da kika rubuto wai Umma ta cika alfahari da 'yarta, ki karanta wannan shafin har ƙarshe, sannan ki dawo mu yi magana.

*

Yau Gajere bai zauna ba.

Abin da ya fara tsaya wa Umma a rai ke nan. Gajere ƙanin marigayi mijinta ne, mai rumfar gahawa a ƙofar babban asibiti, kuma duk layin babu wanda ya kai shi tsawo. Yayansa ne ya laƙa masa sunan don tsokana, ya bi shi har furfura. Duk ƙarshen mako shi ke kawo mata kwandon gyara har shago, ya miƙe ƙafafunsa su tare ƙofa, ya yi ta zuba sai ta kore shi da tsintsiya.

Yau daga bakin ƙofa ya dire kwandon.

"Matar yaya, ga kayanki."

"Shigo mana. Wa ya biyo ka?"

"Na bar ruwa a wuta."

"Ruwan da kullum kake bari a wuta ka zo ka cinye min yini? Zauna in ba ka labari. Gobe fa ranar waya ce, 'Yar Hagu za ta kira. Wancan makon ta ce an ƙara mata girma a wurin aiki."

Bai yi dariya ba, bai ce masha Allah ba. Ya kalli kwandon, ya kalli rufin shago.

"Ki duba su da kyau. Ɗaya bayan ɗaya."

"Iye! Yau kuma ɗinki za ka koya min?"

Kafin ta rufe baki ya sha kwana.

Umma ta taɓe baki.

"Tsufa ne ya fara taɓa shi," ta faɗa wa keken ɗinkinta.

Da shi take hira tun da gidan ya zama nata ita kaɗai. Miji ya rasu, 'yarta tilo, wadda take kira 'Yar Hagu, ta tafi aiki wata ƙasa mai nisa, sai ita da keke da tarin ƙyallaye. Da rana masu ɗinki su shigo su fita. In ta rufe shago ta hau sama, ta dafa abincin mutum ɗaya, rabi ya kwana a tukunya. Kaɗaici dai ya zauna mata sosai, amma ba za ka taɓa ji a bakinta ba.

Ta jawo kwandon ta juye a kan tebur.

Rigunan kofi ne. 'Yar riga ce ta ƙyalle da ake zagaya wa kofin takarda, irin wanda ake zuba gahawa a tafi da ita, don kada zafi ya ci yatsu. In ta yi datti a wanke, gobe a sake sa wa wani kofin. Umma ke ɗinka su, Gajere ya rataye a rumfarsa. Aikin a ido kamar wasa, amma kofi sama faɗi ne, ƙasa tsuke, wanda ya yanka ƙyallen a miƙe sai rigar ta zame ta bar shi da ƙuna. A lanƙwashe ake yanka ta. Ƙyallen waje, yankin tsohon bargo a tsakiya, ƙyallen ciki, sai maɓalli da 'yar igiyar roba ta maƙalawa. Kuma ƙa'idar Umma ce, duk wadda ta fito daga hannunta gyaranta kyauta ne har ta mutu.

Ta fara warewa tana mita.

"Wannan roba ta saki. Wannan an cinye mata maɓalli, ko da haƙori suke ɓallewa oho. Wannan kuma mai ita bai san hanyar sabulu ba."

Hannunta ya kai kan ta ƙasan kwando.

Ya tsaya.

Ruwan toka ce mai siririn zane fari. Maɓallinta baƙi, an ɗinke shi da jan zare.

Umma ta cire tabarau ta goge da gefen mayafi ta mayar.

Tana nan yadda take.

Wannan ƙyallen ba a kasuwa ta saye shi ba. Rigar aikin mijinta ce, wadda yake sawa in zai fita tuƙin motar haya. Bayan rasuwarsa ta yanki bayanta ta ɗinka rigar kofi guda ɗaya tak, ta cire maɓallin wuyan ta sa mata. Ranar baƙin zarenta ya ƙare, ta yi da ja. Kuma a juye ta ɗinka ta, maɓalli a ɗaya gefen, don kada ya riƙa tokare babban yatsan mai riƙewa da hagu. Da hannunta ta cusa ta a jakar 'yarta ranar tafiya.

"A'a," ta ce da keken. "Kama ce. Duniya da faɗi."

Amma wa ya san ɗinkinta kamar ita?

Ta kai hanci. Warin gahawa, ba tsoho ba. A ƙarƙashinsa akwai wani warin da ta sani, warin maganin asibiti.

Ta juya cikin rigar.

An yi mata ƙari. Wani ya ninka farin bandeji na asibiti ya ɗinke shi a ciki da allurar hannu. Ɗinkin ya karkace, kowane tsalle na zare ya kwanta ta gefen da ba nan ɗinkin mutane ke kwanciya ba. Shekara nawa Umma ta yi tana bugun wannan hannun a kan ya miƙar da zare, bai miƙar ba?

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un."

Ta zauna a ƙasa cikin ƙyallaye.

Ba dawowar ce ta kayar da ita ba. Bandejin ne.

Don rigar kofi ta farko da Umma ta taɓa yi a duniya da bandeji ta yi ta. Lokacin mijinta yana kwance da ciwon daji, ana ɗura masa ruwan magani ta jijiya. Maganin ya kashe masa yatsu, suka daina jin zafi. Wata safiya Gajere ya hau masa da gahawa, mijin ya riƙe kofin yana ta hira, sai da ta karɓa ta ga fatar yatsun ta tashi, shi bai ma sani ba. Nan take ta warware bandeji ta naɗe kofin. Daga nan sana'ar ta samo asali.

Mai lafiyayyen hannu bargo ɗaya ya ishe shi. Wanda ya taɓa ƙonewa bai ji ba, shi ne ke neman ƙari.

Ta miƙe. Ba ta san ta bar shagon a buɗe ba.

*

Tun ranar da aka fito da mijinta, Umma ba ta sake bin titin asibiti ba. In za ta kasuwa sai ta zagaya ta bayan makaranta, ko da rana za ta gasa ta. Kowa a layin ya san haka. Shi ya sa Gajere ke kawo mata kwando, ba ita ke zuwa ɗauka ba.

Yau ta bi shi.

Ga dogon ginin nan da tagoginsa birjik. Ga masu jinya zaune a gindin katanga da ledoji da filas. Ba ta ɗaga kai ba, ta kafa ido a kan rumfar.

Gajere na miƙa wa wani mutum kofi ya hango ta. Saura kaɗan ya saki.

Ta jira mutumin ya wuce, sannan ta ajiye rigar a kan kantarsa.

"Ta wace ce?"

"Matar yaya, zauna ki huta, kin sha tafiya."

"Ta wace ce, Gajere?"

"Masu sayen gahawa da yawa suke. Ina zan riƙe..."

"Kalle ni."

Bai kalle ta ba. Ya ɗauki tsumma ya hau goge inda babu datti.

"Kai da ka san mai shan sukari da marar sha a duk ma'aikatan gidan nan? Kai ne za ka ce ba ka san mai rigar yayanka ba?"

Ya ci gaba da goge kantar.

"Tana garin nan?"

"Na yi rantsuwa."

"Ban tambaye ka rantsuwa ba. 'Yata tana garin nan?"

Ya ajiye tsumman. Idanunsa sun kaɗa sun yi ja.

"Tana nan."

"Tun yaushe?"

"An kwana biyu."

"Kwana biyu irin na mutane, ko irin naka?"

"Watanni ne, matar yaya."

Umma ta dafa kantar da hannu biyu.

Watanni. Ita kuwa duk mako tana zaune da waya a cinya tun safe, ta yi wanka ta sa sabon ɗankwali kamar za a gan ta. Ta ce, "Kunna hoton nan in ga fuskarki," a ce mata idon wayar ya fashe. Ta tambayi sanyin can, a ce mata ana fama. Ta ɗinka rigar sanyi mai kauri ta ba Gajere ya aika.

"Rigar sanyin da na ba ka?"

"Na kai mata. Tana sawa. Ɗakin nasu da sanyi."

Ta yi wata irin dariya marar daɗi.

"Ashe da ƙafa ka aika ta ƙasar waje."

"Ki yi min duk abin da za ki yi, na cancanta."

"Ƙarin girman da aka yi mata fa? Da na tara mata a shago ina ba su labari?"

Ya sunkuyar da kai.

"Ciwon babanta ne?"

Ya ɗaga kai ya kalli ginin, ya sauke.

"Wayyo Allah," Umma ta ce a hankali. Ba ta yi ihu ba, da ma ta yi da ya fi sauƙi.

"Likitoci sun ce an tare shi da wuri," ya yi saurin cewa. "Ba kamar na Yaya ba. Wallahi haka suka ce. Da tana zaune a wani ɗaki da ta kama nan baya, ta zo a ɗura mata ta koma. Kwanan nan ne jikin ya yi nauyi suka riƙe ta."

"Wa ke dafa mata?"

"Ina kai abin da ya samu."

"Wa ke wanke mata kaya? In ta yi amai wa ke riƙe mata kai?"

"Akwai ma'aikata."

"Ma'aikata!" Muryarta ta tashi har masu jinya suka waiwayo. "Ina raye, Gajere! Ina can ina hira da ƙarfe kamar mahaukaciya, 'yata tana nan ma'aikata na riƙe mata kai! Me na yi mata? Faɗa min, me na yi wa yarinyar nan?"

"Ba ki yi mata komai ba."

"To don me?"

Ya zagayo daga bayan kanta, ya jawo mata kujera. Ba ta zauna ba.

"Kin tuna ranar da muka fito da Yaya? Nan, daidai wannan ƙofar?"

"Kada ka kai ni can."

"Kin riƙe ƙarfen ƙofar nan kika ce, in aka sake kwantar miki da wani a gidan nan, gawa biyu za a fitar. Tana tsaye a bayanki riƙe da filas."

Umma ta kalli ƙarfen ƙofar.

Ta tuna. Maganar zafin rai ce, irin wadda mutum ke yi ya manta. Ashe wata ta ɗauka ta adana.

"Ta ga yadda kika koma a jinyar Yaya," Gajere ya ci gaba. "Kin rame kin zama kamar sanda, kika faɗi a bayi ba sau ɗaya ba. Ta ce min, Baffa, na riga na rasa ɗaya, ba zan kashe ɗayar da hannuna ba. In na warke sai in sauka a tasha da akwati kamar yau na dawo. Ta ce duk garin nan wuri ɗaya ne ta tabbata Umma ba za ta taka ba, shi ya sa ma hankalinta ya kwanta da nan."

"In kuma ba ta warke ba?"

Ya kawar da kai.

"Sai ka zo min da kwando ka ce ga gawa?"

"Shi ya sa na kasa barci, matar yaya."

Ta ɗauki rigar kofin ta juya ta.

"Wannan fa? Ita ta ce ka kawo min?"

"Ina! A waya ta ce in kai wa wani tela can nesa ya ƙara mata ciki, nata ɗinkin ya ƙi zama. Ta ja min kunne ta sake ja."

"Sai ka yi kuskure."

"Sai na jefa a kwando." Ya share ido da bayan hannu. "Na gaji ne. Ni kaɗai nake ɗauke da abin nan, in je wurinki in yi dariya, in zo nan in yi dariya. Wuyana ya gaji."

"Wane ɗaki take?"

"Ban sani ba."

"Gajere!"

"Wallahi tallahi. Tun da suka canza mata ɗaki ta hana ni hawa, ta san bakina. Da da kanta take saukowa ta karɓi gahawa, ko ba za ta sha ba, ta ce ƙamshin na tuna mata Yaya. Yanzu wata mai shara take aikowa da safe. In kika shiga kina bin ɗakuna kina kiran suna, za ta ji, kuma na rantse miki tattarawa za ta yi ta gudu da ruwan a hannunta. Kin san halinta. Naki ne."

Umma ta ɗaga kai a karo na farko ta kalli ginin. Tagogi ne ba iyaka, duk iri ɗaya. Wasu da labule, wasu an shanya tawul.

Ta cusa rigar kofin a cikin zaninta ta juya.

"Ina za ki?"

"An kawo min gyara," ta ce. "Zan je in yi."

*

Ta tarar da shagon yadda ta bar shi, ko kaza ba ta shiga ba.

Ta zauna gaban keke. Yau ba ta ce masa komai ba.

Ta ɗauki reza ta farke gefen rigar a hankali. Da ta zo kan bandejin sai hannunta ya ƙi. Ta tsaya tana kallon karkataccen ɗinkin, tana ganin yadda aka yi shi: yatsun da ba sa jin allura, a bakin gado, babu mai zura mata zare. A wuri biyu akwai ɗigon jini da ya bushe.

Nan kukan ya zo. Ta kifa kai a kan keken ta yi shi mai isarta, babu mai cewa ta yi haƙuri.

Da ya lafa ta hau sama, ta jawo akwatin ƙarƙashin gado. Ragowar rigar mijinta na ciki, da wani ɗan bargo mai laushi da ta riƙa naɗe yarinyar a ciki tana jaririya. Shekara da shekaru tana yanka barguna, wannan ba ta taɓa kai masa almakashi ba.

Ta shimfiɗa shi a tebur, ta ɗora kwalin awo, ta zana da alli. Ta yanka biyu.

Ba ta cire bandejin ba. Ta ɗora bargon a kansa ninki biyu, ta rufe da sabon ƙyallen ciki daga hannun rigar baban, ta bi da keke a hankali don kaurin kada ya karya allura. Robar ta yi gajarta yanzu, ta sa doguwa. Maɓallin ta ƙara masa zare, ja, kamar na da.

Ta tafasa ruwa ta zuba a kofin takarda, ta sa masa rigar, ta riƙe da hannun hagu. Ta daɗe a tsaye a haka. Ɗumi kawai ke isowa.

Abincin ranar ko wuta ba ta hura masa ba.

*

Washegari ta riga Gajere zuwa rumfar. Ya zo ya same ta zaune a kan dakali, waya a cinya, rigar kofi a hannu.

"Matar yaya, don Allah kada ki..."

"Hura wutarka."

Ya hura. Mutane suka fara zuwa, nas-nas da direbobi da masu jinya da ba su runtsa ba. Da yawansu da rigar kofinsu a aljihu, ɗinkinta, su zaro su miƙa a sa musu. Babu wanda ya san ita ce. Ta zauna a cikinsu kamar baƙuwa.

Can sai ga wata mata ta fito daga ƙofar asibitin, gajera mai jiki, da shuɗiyar rigar aiki da takalmin roba. Tun daga nesa take magana.

"Dogon banza, an tashi lafiya? Zuba wa 'yar ɗakina. Ta ce in tambaye ka rigar kofinta, jiya da tawul na naɗe mata."

Gajere ya kalli Umma. Matar ta bi idonsa.

"Au, ke ce mai ɗinkin? Sannu, Baba. Kai, hannunki na da kyau. Mu gani?"

Umma ta ɗaga mata, ba ta saki ba.

"Tubarkalla! Ta yi kauri. Za ta ji daɗi, baiwar Allah. Kin san ko barci za ta yi sai ta sa abin nan a ƙarƙashin filo? Kwana biyun nan da babu ita duk ta bi ta dame ni."

"Ya jikin nata?" Umma ta tambaya. Muryar ba tata ba ce.

"Da sauƙi, za a ce. Jiya dai ta sha wuya. Gashin duk ya zube, ta rame, amma ga ladabi, ga fara'a. Ni tausayi take ba ni. Lokacin ziyara kowane gado ya cika da 'yan uwa, ita sai ta juya fuska bango ta yi kamar tana barci."

"Ba ta da kowa ne?"

"Uban ya rasu. Uwar kuma, in ji yarinyar, tana can wata ƙasa mai nisa, ba ta da halin zuwa." Matar ta yi tsaki. "Ni dai ban ce komai ba, amma wace irin uwa ce wannan? Ko a bayan duniya nake, 'yata na kwance haka, ai da rarrafe zan zo."

Gajere ya ajiye butar da ƙarfi.

"Ke, ɗauki gahawarki ki tafi!"

"Daga faɗin gaskiya? Yau ma fa tun asuba ta sa na ɗaga ta zaune, na ba ta ruwa ta wanke maƙogwaro. Wai ranar kiran mamanta ce, ba ta so a ji muryarta a shaƙe. Har gwadawa take yi, ta ce min, Iya, na yi kama da mai lafiya?" Ta miƙo hannu. "Kawo, Baba, kada ta huce."

Umma ba ta miƙa ba.

"Baba?"

Wayar da ke cinyarta ta ɗauki ƙara.

Gajere ya rufe ido. Mai sharar ta kalli wayar, ta kalli fuskar Umma, hannunta ya sauka a hankali.

Umma ta danna ta kai kunne.

"Ummata!" Muryar ta fito fes, cike da fara'a. "Kin tashi lafiya? Ya shago? Wallahi yau sanyin garin nan ya wuce misali, ina sanye da rigar da kika aiko min. Yanzu ma zan fita aiki na ce bari in ji muryarki."

Umma ta miƙe tsaye. Ta karɓi kofin daga hannun Gajere, ta zagaya masa rigar, ta maƙala maɓallin da jan zare.

"Umma? Kina ji na? Ko layin ne?"

"Ina jin ki, 'Yar Hagu."

"To ya kika yi shiru? Ko Baffa ne ya ɓata miki rai?"

"Na gama gyaran," Umma ta ce. "Na ninka miki cikin, ba za ta sake ƙona ki ba. Gahawarki na hannuna, ina bakin ƙofa."

Fara'ar ta ɗauke ɗif. Babu abin da ke fitowa daga wayar sai numfashi.

Umma ta ɗaga ido ta kalli tagogin, ta sa ƙafa ta tsallake ƙarfen ƙofar.

"Faɗa min, a wane hawa kike?"